Jarumin da ya tashi bai rama ba

A gidanmu tatsuniya ba ta da daraja a wurin Baba. Mai bishara ne a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, manomin dawa da auduga kamar kowa, kuma mutum ne da ba ya son ƙarya ko da ta wasa ce. In Iya, kakarmu, ta tara mu a tsakar gida bayan tuwon dare ta ce "Gatanan gatananku", muka amsa "Ta zo mu ji ta", sai ya ɗauki fitilarsa da Littafi Mai Tsarki ya koma zaure. Hujjarsa ita ce, mai tatsuniyar ma da bakinta take rufewa da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. To me zai sa a ciyar da yara da abin da mai shi ya yarda ƙarya ne?

Iya Bamagujiya ce ta asali, ta daɗe ba ta taka majami'a ba bayan ɗanta ya karɓi bangaskiya. Amma wani dare Baba yana yi mana karatun safiyar Lahadi tun da wuri, ya karanta labarin Yakubu da Isuwa daga Littafin Farawa: yadda uwarsu Rifkatu ta ɗaura wa Yakubu fatar 'yan awaki a hannu da wuya, ya shiga wurin ubansu Ishaku da idonsa ya dushe, ya karɓe albarkar wansa. Iya tana gefe tana kaɗi. Sai ta ajiye mazarin ta tafa hannu ta ce, "Wannan ai Gizo ne!" Muka fashe da dariya, Baba ya haɗe rai. Ita kuwa ta ƙara da tambaya: "To, Allahn naku ya kashe shi?" Baba ya ce a'a, ya sha wuya a gidan kawunsa Laban shekara ashirin, shi ma an yi masa wayo, amma Allah bai yar da shi ba, har ya sake masa suna. Iya ta yi shiru, ta ɗauki mazarinta. Can ta ce, "Allahn da bai yar da Gizo ba, ai ba zai yar da ni ba." Ba a yi shekara biyu ba aka yi mata baftisma a rafin bayan gari, ana riƙe da ita ta kowane ɓangare saboda tsufa. Lokacin ban gane abin da na gani ba. Wa'azin shekaru bai shige ta ba, Gizo ne ya buɗe mata ƙofa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kawo majigi ƙauyenmu. Masu bishara ne suka zo da mota da janareto, suka kafa sanduna biyu a filin makaranta, suka ɗaura farin ƙyalle. Fim ɗin rayuwar Yesu ne, wanda aka ɗauka a 1979 bisa Linjilar Luka, an mayar da muryoyinsa Hausa. Gari ya fito kaf, Kirista da Musulmi da Maguzawa, har da mutanen rugar Fulani. Mu yara muna gaba a kan ƙasa. A cikinmu akwai waɗanda suka taɓa kallon fim ɗin Indiya da na 'yan Cana a cikin garin Malumfashi, su ne malamanmu. Sun koya mana doka ɗaya: jarumi ba ya mutuwa, in ma ya sha duka, tara shi yake yi don faɗan ƙarshe.

Da aka fara yi wa Yesu bulala mata suka soma kuka. Wani yaro a bayana ya ce, "Ku bari kawai, zai rama." Aka kafa masa ƙusa, yaron ya ce, "Yanzu zai fizge." Bai fizge ba. Ya mutu, aka sa shi a kabari. Da ya tashi kuwa, filin ya kaure da sowa, ni har tsalle na yi, don na san lokaci ya yi, yanzu gwamna Bilatus da sojoji za su gane kurensu. Sai ya shiga wurin almajiransa ya ce musu salama a gare ku, ya nuna musu hannuwansa. Fim ya ƙare ba a taɓa kowa ba. Na koma gida raina a ɓace. Ina ganin an cuce mu, an yanke mana ƙarshen fim.

Bayan na gama sakandare na tafi Kano neman abin yi. Na samu aiki a wani shagon hayar kaset a Sabon Gari. A lokacin gidajen silima irin su Plaza da El Dorado da Marhaba, waɗanda suka saba wa Kanawa da fim ɗin Indiya tun zamanin iyayenmu, sun fara ja baya, kowa ya koma kallo a gida. Nakan je Ƙofar Wambai in saro sababbin finafinan Hausa, in haɗo da na Indiya da na Amurka. Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma turi a waya. Na tara kuɗi na buɗe nawa ɗan shagon. Ba na jin akwai irin fim ɗin da bai bi ta idona ba a waɗannan shekaru. Baba bai taɓa son sana'ar ba. In na je gida yakan ce, "Kana sayar wa mutane mafarki, ka kula kada kai ma ka kwana a ciki."

A 2008 Baba ya kwanta ciwon ƙoda. An kai shi asibiti a Zariya, ya yi wata biyu, ya rasu. Bayan an share makoki na koma Kano. Damina na kawowa ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai sun je share gonarmu ta bakin rafi sun tarar da wani mutum da shanun huɗa a ciki. Baffa, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da ita. Gonar nan ita ce cin gidanmu. A cikinta Baba ya koya mini riƙon fartanya, a gefenta aka binne Iya. Da na zo na tuhume shi sai ya ce bashin jinya ya biya. Na san an ci bashi, amma na san bai kai rabin kuɗin gonar ba. A shekarar Baffa ya sayi sabon babur, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Inna da ƙannena huɗu suka koma noman ƙodago a gonakin mutane.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Baffa yana cikin masu zama a bencin gaba a majami'a, shi ke zagawa da kwanon baiko. Na kai ƙara wurin dattawa, suka zauna sau biyu, magana ta watse a kan a yi haƙuri, zumunci ya fi gona. Daga ranar na daina zuwa sujada, a ƙauye da Kano duka. Littafin Baba, tsohuwar fassarar nan ta 1932 da ya gada a wurin malaminsa, wanda Inna ta ba ni, na sa shi a ƙasan akwati na ɗora masa kaya.

Shekara biyar ban gaishe da Baffa ba. In na je ganin Inna, ta bayan gari nake shiga don kada in bi ta ƙofarsa. Inna takan ce, "Ɗana, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ni kuma in ce mata wannan hannun ya riga ya yanke kansa.

A nan finafinai suka zama mini wani abu dabam. Da dare in na rufe shago sai in zaɓi na ramuwa zalla: an kashe uban yaro, an ƙwace musu gida, ya girma ya dawo. Ba na ma kallon tsakiya, faɗan ƙarshe nake nema, in tariyo shi sau uku sau huɗu. Fuskar bos takan rikiɗe mini ta zama ta Baffa. Ba na ɗora wa fim laifi, ƙiyayyar tawa ce, fim itace kawai yake ƙara mata. A hankali tunani ya zama shiri. Na san inda rumbunan Baffa uku suke, na san bayan girbi a cike suke, na san yadda iskar hunturu ke kaɗawa da tsakar dare. Na sayi galan ɗin fetur a wurin 'yan bumburutu na ajiye a bayan kanta, dabam da na janareto. Na sa wa kaina rana, mako guda kafin Kirsimetin 2013. Na kuma san cewa ɗakin ciyawar da 'ya'yansa ƙanana ke kwana bai fi taku goma daga rumbun ba, amma duk lokacin da wannan ya zo mini sai in kau da kai.

Kusa da shagona akwai wani tela, dattijo ne Musulmi, Malam muke ce masa, shi kuma Bakatsine yake kirana. In aka ɗauke wuta, ɗinki ya tsaya, yakan jawo benci ya zauna a wurina mu yi kallo. Saura kwana tara ranar da na sa, aka turo mini wani fim ɗin Indiya cikin waɗanda aka fara fassarawa da Hausa a lokacin. Muka sa shi.

Ya fara da wani yaro da aka ƙwace gonar ubansa, uban ya mutu da baƙin ciki, uwar tana aikatau. Na gyara zama. Wannan ai labarina ne. Yaron ya girma, ya dawo ƙauyen da dare da tocila a hannu, ni kuma zuciyata tana cewa yawwa, yawwa. Ya cinna wa gidan wuta. Sai hoto ya bar shi ya shiga cikin gidan. Ga wata mata tana neman ƙofa cikin hayaƙi, ga wani ɗan yaro da aka jefo ta taga ya faɗi a cikin kara, yana kallon gidansu yana ci. Sai aka rubuta an yi shekara ashirin. Ashe wannan ɗan yaron shi ne jarumin fim ɗin. Wanda na yi rabin sa'a ina mara wa baya, ina jin ciwonsa a jikina, shi ne bos.

Malam ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko, Bakatsine? Da farko gaskiya gare shi. Sai ya ɗauki gaskiyar tasa ya ƙona 'ya'yan mutane da ita."

Bai san komai game da ni ba. Galan ɗin yana bayan kanta, bai fi kamu biyu daga ƙafarsa ba. Jikina ya ɗauki rawa, na ce masa zazzaɓi nake ji, na kashe kallon. Da ya tafi na ja ƙofa na zauna a ƙasa. Fuskar autan Baffa ce ta tsaya mini, yaron da aka haifa bayan rasuwar Baba aka sa masa sunansa. Ban taɓa ɗaukarsa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza.

A daren na kwashe kayan akwati na ciro littafin Baba. Ba wani wuri nake nema ba, amma akwai inda ya sa tsinken tsintsiya, a Sama'ila ta biyu sura 12. Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya sa an kashe mijin a bakin dāga, ya zauna abinsa kamar ba a yi komai ba. Annabi Natan ya zo, bai yi masa wa'azi ba. Labari ya ba shi: wani attajiri mai garkuna ya yi baƙo, ya ƙyale nasa ya kama 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci, wadda take ci a kwanonsa tana kwana a ƙirjinsa, ya yanka. Dawuda ya husata ya ce mutumin nan ya cancanci mutuwa. Natan ya ce masa, kai ne mutumin. Na sha jin wannan labari tun ina yaro, kuma duk shekarun nan biyar in na tuna shi, Baffa nake gani a matsayin attajirin. Daren nan na ga wani abu dabam. Da Natan ya fito masa kai tsaye, da sarki ya kare kansa. Sai ya bi da shi ta labarin wani, ya bar shi ya yanke hukunci da bakinsa. Haka Ubangiji ya yi da ni. Na toshe kunne ga Inna, ga dattawa, ga fasto, na bar ƙofa ɗaya tak a buɗe, wato allon talabijin, ta nan kuwa ya shigo.

Kafin asuba majigin nan na filin makaranta ya dawo mini, da muryar yaron da ke cewa zai rama. Shekara ashirin ina ganin an yanke ƙarshen fim ɗin. Na buɗe Luka sura 23 na karanta inda yake kan gicciye yana cewa, ya Uba, ka yi musu gafara, don ba su san abin da suke yi ba. Shi ne kaɗai a duk labaran da na sani yake da cikakkiyar gaskiya, da cikakken iko, ya dawo daga mutuwa, bai nemi gidan kowa da wuta ba. Da gari ya waye na juye fetur ɗin a janareto.

Ranar da na sa don ƙona rumbu, ita ce ranar da na shiga mota a Kabuga, muka bi ta Gwarzo da Dayi. Na sayi sukari da sabulu da turmin atamfa. Wannan karon ta ƙofar gari na shiga. Na yi sallama a zauren Baffa sau biyu kafin ya fito. Ya tsufa fiye da yadda nake zato, ido ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na ce, "Baffa, ina wuni." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ya juya ya ce a kawo ruwa. Autan nan ne ya kawo, a kwanon sha, yana riƙe da hannu biyu kada ya zube. Na karɓa na sha, na ɗora shi a cinyata. Ba a yi maganar gona ba. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma gaya masa abin da na shirya ba, sai bayan shekaru na gaya wa Inna ita kaɗai. Ba zan ce na fito daga zauren nan zuciyata fes ba. Na yi shekara biyu ina fama, wani lokaci in na bi ta bakin rafi na ga dawar wani a gonarmu sai abin ya taso sabo, in tsaya a hanya in yi addu'a har ya kwanta. Gonar tana hannun wanda ya saya har yau.

Na koma sujada, daga baya aka ba ni ajin matasa. Da labari nake koya musu, don shi na sani. Wata rana na tambaye su labarin Bayajidda, duk suka sani tun daga firamare: baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya roƙi ruwa ta ce babu, maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Baƙon ya je ya sare kan macijin, gari ya samu ruwa. Na ce su buɗe Farawa sura 3, inda aka yi alkawarin zuriyar mace zai ƙuje kan maciji, su kuma buɗe Yahaya sura 4, inda wani baƙo ya zauna a bakin rijiya ya roƙi wata mata ruwa, ya ƙare da yi mata alkawarin ruwan rai. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ce, "Malam, amma shi Bayajidda an ba shi sarauniya, shi Yesu gicciye aka ba shi." Na ce mata ta riga ni zuwa inda za ni. Ba na ce musu labarin Daura na Kirista ne, na Hausawa ne duka, kuma rijiyar tana nan ana zuwa ana shan ruwanta. Abin da nake so su lura shi ne, kakanninmu ma sun san ƙishirwa, sun san akwai abin da ya tare rijiya, sun kuma sa rai wani zai zo daga nesa.

Wani dattijo ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, majami'a ba gidan kallo ba ce." Na girmama maganarsa, don muryar Baba na ji a ciki, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Yawancin abin da na sayar a rayuwata tarkace ne, wasu ma guba ne, na ga abin da suka yi mini. Ba kowane jarumin da ya mutu don abokansa ne hoton Almasihu ba, kuma wanda ya nace sai ya ga Yesu a kowane fim zai ƙare da Yesun da ya ƙera da kansa. Amma na tuna masa manzo Bulus a birnin Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, yadda ya zaga gari ya ga bagaden da aka rubuta wa Allahn da ba a sani ba, ya fara wa'azinsa daga nan, har ya jawo baitin mawaƙansu. Dattijon ya ce, "To, amma ka tabbata kana ƙarewa inda Bulus ya ƙare." A kan tashin matattu ke nan. Na riƙe wannan sharaɗi har yau.

Istar bara matasanmu suka kai majigi ƙauyenmu, fim ɗin nan dai na dā, a filin makarantar nan dai, sai dai yanzu na'urar ba ta fi girman littafi ba. Baffa ya daina gani gaba ɗaya. Na je na riƙo hannunsa, na zaunar da shi a kujera, na zauna a ƙasa kusa da shi ina gaya masa abin da ake nunawa. Da aka zo wurin bulala sai wani yaro a gabanmu ya ce wa ɗan'uwansa, "Bari ka gani, zai rama." Na ji hannun Baffa yana lalube har ya samu kafaɗata. Ya sunkuyo ya ce, "Gonar nan ta bakin rafi..." Muryarsa ta sarƙe, bai ƙarasa ba. Na ɗora hannuna a kan nasa na ce, "Na sani, Baffa." Bai ɗauke hannun ba har aka kashe janareto. Na kunna fitilar wayata, na tashe shi, muka bi ta gefen rumbunan a hankali har ƙofar ɗakinsa.